Filin da Ke Gefen Malam Bulus

Ladi, hasken idona, ruwan randata na tsakar rana,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Ya Kafanchan? Ni dai tun da yayanki ya kwashe ku, ci nake don kar in faɗi a gaban inji, amma ko tuwon waye ɗanɗanonsa ɗaya a bakina.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Na fito shan iska bayan katangar kamfaninmu na roba a Bompai, na hango ki a farfajiyar tsohuwar cocin nan da ta girmi duk masana'antun unguwar, kin ɗaure ƙugu kina sharar ganyen darbejiya. Na roƙi ruwa, kika ce ashe Musulmi na shan ruwan coci. Na sha kofi biyu don in ƙure ki, ban san ni aka ƙure ba.

Ban taɓa cewa ki bar cocinki ba, Allah ne shaida. Ke ce kika ce ba za ki iya barin Mama ta tsufa ita kaɗai ba, bayan an rufe Malam Bulus, mahaifinki. Ban ga laifinki ba, amma na ji ciwo, kuma har yau ina ji.

Amanar da kika bar mini tana nan. Duk Asabar in na tashi daga aiki sai na shiga maƙabartar bayan cocin. Da farko irin namu na yi wa kabarinsa: na yayyafa ruwa, na jera ƙaya saboda awaki. Tsofaffin matan cocin suka yi ta dariya, suka kwashe ƙayar, suka koya mini dasa fure da shafa wa gicciye farar ƙasa. Yanzu abokan aiki Fasto Gwadabe suke kirana. Su yi ta yi, bakinsu ne.

Abu ɗaya ne na kasa. Ranar sallama kin nuna mini ɗan filin da ke gefen kabarin, kika ce dattawan coci sun ajiye miki shi, nan za a kawo ki komai daɗewa. Da murmushi kika faɗa, kamar kina nuna mini ɗakin amarci. Haba Ladi! Wato ni da nake ƙirga motocin Kafanchan, hanyar dawowarki ke nan? In duƙa da fartanya in gyara miki makwanci da hannun da nake so in riƙe naki?

Ban share shi ba, ba kuma zan share ba. Ciyawa ta kai gwiwa, tafasa ta fito, matan suna ta yi mini faɗan lalaci, ni kuwa ko kallon gefen ba na son yi.

Ki dawo da ƙafarki, kurciyata. Ki taho da Mama, ɗakina na Hotoro zai ishe mu, ranar Lahadi ni zan raka ku har ƙofar coci in jira a inuwa. In kuwa kin ƙi, zan ci gaba da kula da Malam Bulus har ƙarfina ya ƙare. Amma ina roƙon Allah ya ɗauke ni kafin ranar da za a ce in kawo fartanya.

Naki, ba na kowa ba,
Gwadabe