Wa Kuma Ya San Sunan Alhaji Lema?

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni da na shafe shekaru ina ba wasu, yau abin ya zo kaina na gane ashe bayarwar ta fi sauƙi.

Na zo Madina karatu a ƙarshen shekarun saba'in, kuma har yau ban koma ba. A lokacin akwai wani dattijo a unguwar Sultana, muna ce masa Ammu Bala, wato Kawu Bala, kakanninsa mahajjata ne da suka zauna, yana da shagon gyaran rediyo da bidiyo. Wani injiniya ya kawo masa bidiyo gyara, bai dawo ya ɗauka ba, ya bar shi da kwalin kaset cike da wani shirin Ingila, rabinsa dariya rabinsa ban tausayi. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da suka gaji gidan burodi a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, kullum suna shirin yin arziki, kullum arzikin na da wani uzuri.

Mu huɗu muke kallo, ranar Alhamis bayan la'asar, a rufe ƙofar shago: Ammu Bala, da Idi ɗan Damagaram, da abokina da zan kira Ɗanjuma, sai ni. Ni kaɗai na yi boko a cikinmu, don haka ni ne mai fassara, Bature ya yi magana a tsayar da kaset in juya ta zuwa Hausa, sai su yi dariyar da ta makara. Sunayen 'yan wasan sun yi musu nauyi a baki, muka raɗa musu namu. Babban wan, da ba ya rabuwa da lema ko a cikin ɗaki, ya zama Alhaji Lema. Ba mu taɓa faɗin sunan a waje ba, domin ɗalibin shari'a da aka ji yana kallon gidan burodin Nasara, to ya shirya amsa tambayoyi.

Ɗanjuma ya fi kowa dariya, har Ammu yakan ce, kai yaro kalas, ya isa haka, za ka tara mana jama'a. Shi ne ya auri 'yar ƙanwar Ammu, haifaffiyar nan, wadda za ka yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Amma daga baya ya soma canzawa, ya shiga zama da wasu mutane marasa fara'a, ya daina gaisawa da hannu biyu. Duk da haka Alhamis ba ta wuce shi, sai dai ya zauna kusa da ƙofa, dariyar ta kufce masa ya yi istigfari. Zamanmu na ƙarshe mun yi cacar baki, ya ce ina ƙara gishiri a fassara don in rinjayi zukata, na ce masa ko babu gishirina ai zuciyarsa ta riga ta rinjaya. Bai yi fushi ba, wannan ne ya fi damuna. Ya dube ni kawai ya ce kada mu kalli kaset na ƙarshe sai ya dawo, zai je Khaibar aikin dabino.

Bai dawo ba. Mun je Khaibar, masu gonaki suka ce ba su san shi ba. Asibiti, kurkuku, gida Najeriya, babu wanda ya gan shi. Matarsa ta jira shekara huɗun da alƙali ya yanka mata, ta yi takaba, muka yi masa sallar ga'ib. Daga baya Ammu da kansa ya kira ni ya ce, ya waladi, ɗana, ba na son ta faɗa hannun baƙo. Na aure ta. Ita ce uwar 'ya'yana duka, yau har da jikoki. Kaset na ƙarshen kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin sa shi, Ammu ya rasu, Idi ya rasu, bidiyon ma ya riga su.

Bara jikata ta gano mini shirin a intanet. Na zaci zan same shi ya tsufa, sai na ga mu ne muka tsufa, shi yana nan yadda muka bar shi, har yanzu mutum zai yi dariya ya kuma ji tausayi. Hajiya matata ta soma zama kusa da ni, ina yi mata fassara kamar da, muna bi kashi kashi duk Alhamis. Saura na ƙarshe.

Makon jiya ina duba sharhin da mutane ke yi a ƙasan kashin ƙarshe, duk Turanci, sai na ga layi ɗaya da Hausa, babu hoto, sunan ma lambobi ne. An rubuta: “Alhaji Lema bai rufe lemarsa ba har yau. Ina mai fassara?” Na lissafa waɗanda suka san sunan nan, biyu na maƙabartar Baƙi'a da hannuna na sa su, na uku ni ne. Na ce wataƙila Idi ya taɓa ba 'ya'yansa labari, na kira babban ɗansa, bai ma san mahaifinsa ya taɓa kallon bidiyo ba. Shekaranjiya na sake dubawa, an ƙara layi: “Na ga shagon Ammu ya koma na sayar da waya. Na ce ku jira ni.” Shagon kuwa bai daɗe da komawa hakan ba, sai wanda ya taka Sultana kwanan nan zai sani.

Masu niyyar kawo mini hukuncin matar wanda ya ɓace, Allah ya saka, na koyar da babin har na gaji, na san abin da malamai suka ce. Littafi bai faɗa mini yadda zan dubi matar da ta yi wa mutum kuka shekara huɗu in ce mata ƙila yana yawo a unguwar kawunta ba. Bai kuma faɗa mini wane irin mutum ne zai yi shiru shekara arba'in, sannan abin da ya fara tambaya shi ne kaset.

In amsa masa, in nuna masa ƙofar gidana ke nan, alhali ban san da me ya dawo ba? In gaya wa Hajiya, mai hawan jini? Ko in yi shiru, wata rana ta ci karo da shi a harabar masallaci ta gane na sani?

Ku taimaka da wuri, gobe Alhamis. Ɗazu Hajiya ta leƙo ta ce, ya Abu Salim, gobe za mu ƙarasa ko? Na ce mata in sha Allahu, ban san wanda nake wa alƙawarin ba.