Ciwon cikin Hadiza

Zuwa ga ɗana Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya iyalinka da zaman Ikko? Mu nan Wurno lafiya lau.

Shekaruna saba'in da huɗu, kuma ban rubuto wagga wasiƙa don a tausaya mini ba. Ni da kaina na kai ɗiyarka Hadiza asibiti a Sakkwato. Ka san yadda cikinta ke murɗawa wajen cibiya, ta yi ta amai, bayan kwana biyu ta miƙe garau. Baffanninka sun ce sai wanzami ya yi mata tsaga.

Da likita ya gama bincike, ya tambaye ni: "Hajiya, akwai mai ciwon ɓarin kai a gidanku?" Na ce ni ce, tun ina koyarwa, amma mi ya haɗa kai da ciki? Ya ce dangin wanga ciwo ne ke kama yara a ciki, kuma galibi yana sauƙi in sun girma. Ya ba da magani, ya ce kada ta zauna da yunwa ko ta rasa barci.

Ka sa ta cikin addu'a, ka gaishe da maiɗakinka. Wanzami kuwa na riga na sallame shi, na maido shimfiɗar Hadiza ɗakina. Ba mai ɗora aska a cikinta ina raye.

Mahaifiyarka,
Hajiya Aminatu