Ramukan Katangar Baba

Laraba da dare, watan Agusta, unguwar Abbasiya, Masar

Yau na je shagon waya na kira Jos. Yaya Sani ne ya ɗauka. Ya ce katangar dutsen da ke tare tudun bayan ɗakin Inna ta fara yin ciki. Na tambaye shi ramukan da marigayi Baba ya bari a gindinta. Wai ya toshe su da siminti tun bara, saboda Inna ta ga maciji.

Na ce, "Yaya, ta nan ruwa ke fita! In ya taru a baya, turo ta zai yi." Ya ce, "To malam, daga Masar za ka koya mini gini?" Kafin in roƙe shi ya mayar da Inna ɗakin gaba, layi ya yanke. Mai shagon ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in dawo gobe.

Ban sani ba ko zai fasa simintin. Ina jin da na sassauta murya, da ya saurare ni.

Shekara uku ina kewar ƙamshin damina a garin nan. Yau ga ni ina roƙon Allah kada a yi ruwa a gida.