Haƙorin Ya Yi Shiru, Ko Na Warke?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Duk wanda na kai wa kukana, ko dai ya ƙara tsorata ni ko ya yi min dariya.

Ni mai ɗinki ce. Shagona ƙarami ne, keke biyu da teburin yanka, sai benci da kwastomomi ke zama suna gulmar juna. Tun ina koyon aiki na saba tsinka zare da haƙori, fiƙata ta sama. Almakashi na nan, amma kullum yana ƙarƙashin tarin yadi, haƙori kuwa yana inda na bar shi. Har ɗan tsagi ya yi daidai kaurin zare. Wata rana ina gyaran wandon jins na ciji zarensa, sai na ji ƙas. Daga nan ruwan sanyi ya gagare ni, sannan zugi ya fara, har cikin kaina nake jin bugunsa kamar ana taka keke.

Maigidana ya kai ni asibitin haƙori. Aka kwantar da ni a kujerar nan, fitila a idona, ƙarafa a bakina, likita yana ta bayani yana tambayata ko na gane. Ta ina zan amsa? Abin da na tsinta shi ne hanya biyu ce: ko a cire, ko a wanke jijiyar a cike a sa wa haƙorin hula, wato murfi. Kuɗin kuwa a wurin mai karɓar kati na ji shi, da ƙarfi, gaban masu jiran layi. Cirewa da sauƙi. Gyaran kuwa sai dai in sayar da keke ɗaya. Na ce bari in je in dawo. Ban koma ba.

Da na so a cire a huta, amma Yayata ta rantse cewa fiƙar sama haɗe take da ido, duk wanda aka cire wa ganinsa raguwa yake yi. Ta ce maƙwabciyarta tun da aka cire mata take sa tabarau. Anti, mai ɗinkin da ba ta ganin kafar allura ai ta tashi daga aiki. Shi kuma maigidan direba ne, a wurinsa duk mai gyara sai ya ƙara maka ciwon da motarka ba ta da shi, ya ce likitoci ma haka suke. Gaba kura, baya sayaki.

To sai na sayi magani a kemis na sha, kuma cikin ikon Allah ciwon ya ɗauke ɗif. Yanzu har ruwan ƙanƙara nake sha. Sai dai haƙorin ya ɗan yi duhu, kuma akwai ɗan ƙurji a dasashi, ya fito, ya fashe, ya koma. Ba ya ciwo. Ni dai gani nake na warke, Allah ya raba ni da asara. Ko in bar kaza cikin gashinta?

Mai ɗinki

*

'Yar'uwa mai ɗinki,

Na lura ba shawara kike nema ba, sa hannu kike nema a kan hukuncin da kika riga kika yanke. Ki yi haƙuri, ba zan sa ba.

Ni ba likita ba ce, don haka na karanta wa wata likitar haƙori wasiƙarki. Ba ta gan ki ba, amma ta ce haƙorin da ya yi zugi, ya yi shiru, ya yi duhu, yawanci ba warkewa ya yi ba, jijiyarsa ce ta mutu. Gawa ai ba ta kuka. Ƙurjin nan kuma ƙofa ce da ruwan ciwon ya samu yana fita. Maganin kemis yana kwantar da abin na ɗan lokaci, amma ba ya kai wa cikin mataccen haƙori. Ranar da ƙofar ta toshe, ruwan zai nemi wata hanya.

Nan ne Yayarki ta kusa gaskiya, sai ta wuce ta. Cire fiƙa ba ya rage gani. Maƙwabciyar tata, ki tambayi shekarunta, ina jin a nan tabaran ya samo asali. Abin da kan iya kumbura fuska har ƙasan ido shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari. Wato idon da kike karewa, zaman da kike yi ne yake sa shi cikin haɗari.

Maigida ma yana da nasa rabon gaskiyar. Akwai masu tura mutum ga mai tsada, a kowace sana'a, har da taki. Amma direban kirki in bai yarda da makaniki ba, wani makanikin yake nema, ba ya ci gaba da lodi da birki a lalace. Ku je wurin likita na biyu. Asibitin gwamnati ko na koyarwa ya fi araha, sai dai da haƙurinki za ki biya ragowar, a kan benci.

Kuma wannan karon ki yi tambayoyinki a zaune, kafin a kwantar da kujera, bakinki yana hannunki. Ke da ba kya sa almakashi a yadin mutum sai kun gama ciniki, me ya sa za ki ji kunya? Ki tambaya ko tsagewar ta kai saiwa, don in ta kai, gyaran ba zai riƙe ba, maganar ta ƙare. Ki tambayi kuɗin duka, har da hoton haƙorin da hular. Gyaran jijiya yawanci ba a zuwa ɗaya ake gama shi ba, to ko za a karɓi kuɗin kashi-kashi? Ko hular za ta iya ɗan jira? Matambayi ba ya ɓata. Kada ki kai keke kasuwa kafin ki ji amsa.

In haƙorin zai gyaru kuma aljihu zai ɗauka ba tare da an taɓa abin sana'a ba, ki gyara. Fiƙa haƙori ce mai amfani, kuma cirewa arahar yau ce, giɓin da ta bari yana da nasa kuɗin gobe. In kuwa ba hali, ki cire, ba abin kunya ba ne. Mace mai giɓi da keke biyu ta fi mai cikakken murmushi da shago a rufe. Ko wanne kika zaɓa, ki ɗaure ƙaramin almakashi a igiya ki rataya a wuya, sauran haƙoran ba su yi miki laifi ba.

Hanya ta uku, ta zama a jira, ita ce babu. Ki je cikin makon nan, tun kina iya ciniki da hankalinki kwance, don mai kumburarren kunci ba ya taya farashi. In kuma kafin nan fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta yi wuya, ki rufe shago ki tafi asibiti a ranar, ko da ɗinkin wa ke kan keke.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace da likita mai tausayi, ya ƙara wa shago albarka.