Hannun Baba na dama

Ibohamane, daren Talata

Na taso daga likita, wato asibitin da nake aiki, na iske Kawu Idi ya kawo wanzami an yi wa Baba tsaga a hannun dama. Tun dawowarmu daga asibitin Tawa Kawu yake yawo da hoton sikanar da aka ɗauki ƙwaƙwalwar Baba, yana ɗaga shi ga rana kamar ya san abin da yake kallo. Wai lokotoro da suka duba Baba a asibiti sun ruɗe, ta yaya jini zai zuba a hagun ƙwaƙwalwa amma hannun dama ya shanye? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tallar agogo a Abijan, yau shi ke gyara wa lokotoro karatu.

Na ce, "Kawu, jijiyoyin da ke kai wa jiki umarni gittawa suke yi a gindin ƙwaƙwalwa kafin su shiga laka. Hagu ke sarrafa dama."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, allura aka koya miki, tsaya ga allurarki. Hannun nan ya mutu. Da aska ta shiga ko motsi bai yi ba."

Ina zai motsa? Hanyar motsi ce ta yanke, ita ta ji daban take, kuma tana nan lafiya. Bakin da zai ce a bari, shi ma ciwon ya riƙe shi.

Kawu na zaure yana kurɓar shayi, yana yaba wa kansa gaban maƙwabta. Ni kuwa na wanke tsagar da alkol, ruwan wanke rauni mai raɗaɗi. Ina ɗora auduga Baba ya runtse ido, hawaye suka gangara cikin kunnensa.