Baba ya shafe jitata da man riɗi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan ƙauyenmu a nan, na san wasu za su gane ni ko ba suna, amma dai a rufa. Don Allah ku ba ni shawara. Wallahi na gaji, wata uku ke nan ina yi wa mahaifina ƙarya, a kan abin da in kun ji za ku ce ai wannan ba matsala ba ce.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Wad Haddad, ina da mata da 'ya'ya uku. Ina da wata tsohuwar jita, irin ta katako wadda ba a jona mata wuta, na saye ta ta hannu a Hasahisa tun ina saurayi, da abin da na samu a tsinkar auduga. Ni ba wani gwani ba ne, ina dai taɓawa a bikin abokai, ko da la'asar a bakin tur'a, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. To Baba ya tsani jitar nan kamar me. Cewa yake kakanninmu sun tako daga Sakkwato a ƙasa da Alƙur'ani a ka, ni kuma na ƙare a rungumar katako. Sunan da ya raɗa mata akwatin banza. Sau ɗaya ma ya ɗauke ta ya wurga bayan katanga, tabon yana gindinta har yau. Shekara goma sha biyar, in ya ji sautinta sai ya ɗauki butarsa ya fita. Har muka saba, ni ba na kaɗawa in yana gida, shi kuma ba ya tambaya.

Da tashin hankalin nan ya iso yankinmu, kowa ya san yadda aka fita, ba sai na fama wa kowa miki ba. Na kwashi iyali a bayan lori da abin da hannu zai iya ɗauka, jita ko tuna ta ban yi ba, tana rataye a ɗaki. Baba ya ƙi binmu a ranar, ya ce sai ya rufe matmura, ramin da muke adana dawa a ƙasa, ya same mu bayan kwana biyu. Mun yi shekara da watanni a wajen dangi. A can idonsa ya yi yana, yanzu inuwar mutum kawai yake gani. Duk zaman nan ko sau ɗaya bai ambaci jita ba.

Da muka dawo, gida ba ƙofa ba taga, ko gadon igiya ɗaya ba a bar mana ba. Baba ya ce a riƙe masa hannu a kai shi bayan ɗaki, ya dinga taka ƙasa da tafin ƙafa, can ya ce a tona nan. Dawa ta fito lafiya lau, alhamdulillahi, ita muke ci kafin a yi sabuwa. Ina shirin fitowa daga ramin sai ya ce, "Ƙara tonawa ta gabas, akwai ajiya." Na ciro buhu, a ciki tsohuwar jallabiyarsa, a cikin jallabiyar jitata. Ya ce, "Ga akwatinka na banza nan. Na shahe ta da man riɗi sosai, na barbaɗa toka, gara ba ta isa ba." Jama'a, na zauna cikin ramin nan na yi kuka kamar yaro. Tunda nake da Baba bai taɓa faɗa mini magana mai taushi ba, wannan ita ce ta farko.

Abin da yake yi wa ƙotar fartanya da ƙafar gado shi ya yi mata, don shi iyakar abin da ya sani ke nan game da katako. Kwalba kusan guda ya juye, har ta ramin bakinta. Kuma gaskiyarsa, gara ko kusa ba ta zo ba. Amma tsirkiyoyin a ɗaure ya bar su, ga zafin rami ga danshi, wuyan ya lanƙwashe, fuskar ta tsage, ɗan katakon da ke riƙe tsirkiya ya ɓalle. Ya shafa ta da hannu ya ji tsagar, ya ce ɗan gyara ne kaɗan ko? Na ce ƙwarai Baba, kaɗan ne. Daga nan ƙaryata ta fara.

Na kai ta Sinja wajen wani usta, dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Ya juya ta, ya shinshina, ya fashe da dariya, da ya kalli fuskata sai ya haɗiye dariyar. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wa ya yi mata wannan aika-aika? Tsaga ba komai ba ce, wuya ma ana miƙar da shi. Amma katakon da ya ƙoshi da mai, gam ba ya kama shi." Duk da haka ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya shanya ta, ya goge, ya manna, bayan kwana biyu man ya sake tsattsafowa abin ya saki. Sau uku yana yi. Yanzu ya ce sai dai a sake fuska, a sake baya, a sake wuya, abin da zai rage nata gefe ne da maɗauran tsirkiya, kuɗin zai fi na sayen wata, kuma bai yi mini alkawarin murya ba. Ya ce in tasa ce, ƙusa zai buga a bango ya rataye ta, shi ke nan.

Matata kuma tata dabarar daban. Ta ce in sayo wata ta hannu mai kama da ita, in ɗan shafa mata mai a baya don ƙamshi, tunda Baba ba gani yake ba. Mun yi cacar baki a kan haka har muka wuni ba ma magana. Na ce wannan yaudarar tsoho ce, ta ce to wata ukun da na yi ina ce masa usta aiki ya yi masa yawa, shi sunansa me? Na san ita ma ta gaji, don in ba na nan ita Baba yake tsarewa da tambaya. Amma ni na san hannun Baba. Mutumin da zai damƙi dawa ya faɗa maka irinta da gonar da ta fito. Ranar da aka tono jitar, ina kallo yatsansa ya je kan tabon nan na gindinta ya tsaya, ya daɗe a wurin. Tabon ma sai in ƙirƙira?

Za ku ce to ka faɗa masa gaskiya mana. Ga abin da ya hana ni. Baba yanzu ba ya iya zuwa hawasha, gonar da ya yi shekara arba'in yana nomawa, abokansa wasu sun rasu a hanya wasu ba su dawo ba. Wuni yake a gindin bishiya. Duk baƙon da ya zo, kafin a zuba kofi ya fara ba shi labari, wai masu motoci da masu boko sun gudu sun bar komai, shi tsoho abu biyu ya tsirar, abincin gida da kayan ɗansa. Sai ka ga ya miƙe zaune, muryarsa ta dawo irin ta da. Yaya zan yi in ce masa da ya bar ta a rataye wataƙila a sace, da ya binne ta a bushe da an gyara, man da ya shafa da hannunsa shi ya kashe ta? Na san halinsa, ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi. Shirun nan nake tsoro.

Kuma in faɗa muku gaskiya, ni kaina ban san ko ina son kiɗan ba yanzu. Yatsuna sun manta, waɗanda muke zama da su a bakin tur'a sun watse. Da don ni ne da tuni na bar ta a shagon usta ban waiwaya ba.

Yau da safe na ce wa Baba zan leƙa Sinja. Ya lalubi ƙarƙashin shimfiɗarsa ya ciro kwalba, ragowar man ne ya saura kamar yatsa biyu a ƙasa, ashe har gudun hijira ya je da ita ya dawo. Ya ce, "Kai ma ustan nan, ko mai ya rasa shi as sa yake jan ƙahwa. Ka ce mishi ya yi hanzari. Shekara sha biyar ina toshe kunne, ban son in tahi ban ji mi kake kaɗawa ba."

Yanzu haka ina zaune a tashar Wad Haddad, mota biyu ta cika ta tashi ban shiga ba, kwalbar tana aljihuna. Masu sanin aikin katako, akwai hanyar da ake cire mai daga jikinsa wadda ustan bai sani ba? In babu, in bari a sake mata jiki a bar gefen mai tabon, ko in bi shawarar matata, ko in daure in faɗa masa? Don Allah kada ku ce in yi haƙuri, haƙurin nake yi wata uku. Ku faɗa mini abin da zan ce wa tsohon nan in na shiga gida da yamma, don yana jin takuna zai ɗago kai ya ce, "Ka kai mishi man?"