Farin Fenti a Farcen Fermín

Santo Domingo, Nuwamba 1996

Zuwa ga ɗana Fermín,

Allah ya yi maka albarka, ko da yake ka daɗe ba ka zo ka roƙa ba. Ina gaida matarka Yuderka da 'yan matanku.

Bayan haka, na ji ƙungiyarka ta sake ka, kuma har yau babu wanda ya neme ka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na riƙe ka a coci ranar da aka yi maka baftisma, ka tsula mini fitsari a sabuwar kwat. Ba zan zuba ido ka koma saran rake ba.

Ka ji a rediyo an naɗa ni manajan wata ƙungiyar wasan besbol a Amurka. Masu ofis ke sa hannu, amma ni nake nuna musu wanda za su ɗauka. Na ce ina son tsohon mai cafe ƙwallo, wanda ya san aiki. Suka ce gwiwoyinka sun mutu. Na ce ƙwaƙwalwarka nake so, gwiwa ko jaki yana da ita. Ka zo sansanin horo a Florida cikin Fabrairu.

Af, yaronka na filin wasa, Radhamés mai jifa, shi ma kwantiraginsa ya ƙare, ko? Na ji ƙungiyoyi suna rububinsa. Ban ce ka yi masa magana ba. Kowa dai ya san jifarsa ba ta kyau sai kai ne tsugune a gabansa, ni kuma ban taɓa gane dalili ba.

Naka padrino, ubanka na baftisma mai ƙaunarka,
Eligio

*

San Pedro de Macorís, Disamba 1996

Ƙanena Radhamés,

Gaisuwa mai yawa, kai siririn banza. Yuderka ta ga hotonka a jarida, ta ce a tambaye ka ko an hana sayar da abinci a Miami.

Na ji kana shirin bin mutanen California. Wa zai cafe maka a can? Wani ɗan jami'a ne zai ɓoye yatsu tsakanin cinyoyinsa yana maka alama, kai kuma kana kan tudun jifa kana ƙifce-ƙifce kamar mujiya da rana. Ni da kai mun san idonka ba ya ganin yatsa daga wannan nisan. Likitocinsu ka iya yi musu wayo, ka haddace allonsu na gwajin ido, amma filin wasa ba a haddace shi. Shekara da shekaru ina shafa farin fenti a farcena don ka gane irin jifar da nake nema. 'Yan wasa suna kirana amarya, masu bugun ƙwallo da sanda suna tambayata yaushe ne bikin, duk na shanye. Ka taɓa jin na faɗa wa wani dalili?

Padrino ya ba ni gurbi a ƙungiyarsa. Kakar wasa ɗaya tak nake so, ƙanena, in bar wasan nan da ƙafata, ba korata aka yi ba. In ka zo, na zauna daram, babu mai taɓa ni. Ban taɓa roƙonka komai ba sai takalman nan nawa da ka ara ka ƙi dawo da su. Riƙe takalman, ka zo.

Yayanka,
Fermín

*

Miami, Janairu 1997

Yaya Fermín,

Ina gaisuwa, kai da iyali. Na sa hannu, shekara huɗu.

Padrinon naka ya je har gidan Mama, mahaifiyata. Ya cire hula tun daga ƙofa, ya sha farfesun sancocho har da neman ƙari, ya ce mata zai riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Yanzu hotonsa yana jingine kusa da na Budurwa Maryamu, an kunna masa kyandir. Ni dai bai kwanta mini ba. Na san masu jifar da ya tatse hannunsu ya yar, ɗaya yana tuƙin tasi a La Romana. Saboda kai na zo, ba saboda shi ba.

Ka sayo fentinka, amarya.

Ƙanenka,
Radhamés

*

Florida, Maris 1997

Ina neman albarka, padrino.

Ina fatan kana lafiya. Na rubuto ne don na gaji da zuwa ƙofar ofishinka ana ce mini kana waya.

Yau da safe na buɗe kabad ɗina na tarar da jan kati a rataye, irin wanda ake sa wa wanda aka sallama. Na ɗauka yara ne ke tsokanata. Na yi dariya da ƙarfi, na juya, sai na ga kowa ya duƙufa yana ɗaure takalmi. Da na fita fili na ga yaron nan Bature, Kirkland, sabon mai cafe ƙwallo, tsugune a gaban Radhamés. Farcensa fari fat.

Padrino, ka tuna safiyar da ka kira ni karin kumallo, ka sa aka dafa mana mangú, dakakkiyar ayabar nan irin ta gida. Ka dafa kafaɗata ka ce, “Faɗa mini abin da ke damun yaron nan Radhamés don in kare shi. Daga bakinka sai kunnena.” Na faɗa maka sirrin idonsa da na fentin, domin a garinmu mutum ba ya kallon wanda ya riƙe shi a coci ya yi masa ƙarya. Haka mahaifiyata ta koya mini, kuma kai ka san da haka.

Ban ce sai na yi wasa kullum ba. Bar ni a benci. Bar ni in riƙa ɗumama hannun masu jifa, ko in kwashe sanduna, in dai da rigar ƙungiya a jikina. 'Yan matana sun gama shela a makaranta cewa za su ga babansu a talabijin ranar buɗe kaka. Wallahi kunya ce take neman kashe ni, ba gwiwa ba.

Ɗanka mai biyayya,
Fermín

*

Florida, Maris 1997

Fermín,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mini gaisuwa.

Padrinonka Eligio ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya turo mini kwalbar farin fenti a kan tebur yana murmushi. Ya ce sirrina yana hannu nagari, muddin zan hau tudu duk ranar da ya ce, ko hannuna yana ciwo ko ba ya yi. In na yi gardama, masu ofis za su ji cewa na yaudari likitansu, daga nan kuma babu ƙungiyar da za ta sake kallona. Ya ce kai ka kai masa maganar da ƙafarka, don gurbinka ya tabbata.

Ban damu da wanda ya fara buɗe baki ba. Mu biyu muka sani a duniya, yanzu mun zama uku, kuma ni ne aka ɗaure shekara huɗu. Ka kawo ni kamar akuya, ka miƙa igiyar, aka nuna maka ƙofa. Ko tausayinka ban ji ba.

Na aika da takalmanka ta hannun mai wanki. Kada ka je gidan Mama.

Radhamés

*

Florida, Afrilu 1997

Ɗana Fermín,

Allah ya yi maka albarka. Na ga wasiƙarka. Na ce ka zo Florida, ka kuwa zo, ban san wani alkawari bayan wannan ba. Na daɗe ina zaton wata baiwa Allah ya ba ka. Ashe farce ne, kuma kowa yana da farce.

Abu ɗaya ya rage. Fentin da Kirkland yake shafawa yana ɓarewa da zarar ya yi gumi. Tambayi Yuderka wane iri take saya maka, ka aiko mini da sunan kafin Asabar.

Ka gaida 'yan matan. Su kunna talabijin, wasan zai yi kyau.

Naka padrino,
Eligio